Kalar kek ta ruwa: ko ta dace da fentin yatsu na yara?

A shagunan kayan haɗa kek akwai 'yan kwalaben kalar abinci ta ruwa, galibi ja da rawaya da kore da shuɗi. Su na gwada wajen haɗa fentin da yara 'yan shekara 2 zuwa 4 suke dangwala da yatsu su shafa a takarda, kuma ra'ayina shi ne sun ci kuɗinsu, amma da sharaɗi.

Haɗin ba shi da wuya. Ana dama rabin kofi na sitacin masara, wanda masu shago ke kira kwanfulawa, da kofi 2 na ruwan sanyi da ɗan gishiri, sannan a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri ya fara sheƙi kamar talge. Idan aka zuba garin a ruwan zafi kai tsaye, gudaji zai yi. Dafawar tana da wani amfani bayan kauri, domin ɗanyen gari yakan ɗauki ƙwayoyin cuta, yaro kuwa ba ya rasa kai hannu baki. Bayan ya huce sai a raba shi a ƙananan robobi, a ɗiga wa kowace roba kalarta.

A nan ne kalar ta nuna ingancinta. Ɗigo 3 ko 4 sun isa roba guda, kuma launin yana bin sitacin ko'ina ba tare da barin ɗigo-ɗigo ba, saɓanin ta gari wadda sai an fara narkar da ita. Rawaya da ja sun fi fitowa a farar takarda, kore kuwa yakan ɗan dushe idan ya bushe. Shuɗin ne mai taurin kai, domin yana maƙalewa a gefen farce da layukan tafin hannu ko an wanke da sabulu, sai washegari yake gushewa, don haka tsohuwar riga ta fi dacewa da ranar fenti. Wanda bai sami kore ba kada ya damu, shuɗi da rawaya za su ba shi, kuma yara suna jin daɗin ganin hakan yana faruwa a ƙarƙashin yatsunsu.

Sharaɗin da na ambata shi ne a karanta jikin kwalba. A nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki da sunayen sinadarai, irin su E102 na rawaya, E129 na ja da E133 na shuɗi. Tun shekarar 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi game da yara a kan abincin da ke ɗauke da wasu kaloli 6, ciki har da E102 da E129, wanda hakan dalili ne na taƙaita ɗigon da kuma hana yaro lasa. Kalar gari da ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba kuwa, ban ga dalilin kusantar da ita ga yaro ba, domin ido ba ya bambance ta da galura ta rinin tufafi.

Fentin kanti da ake shigowa da shi ya fi wannan ta fuska biyu. Yana daɗewa bai lalace ba, sannan ƙa'idar Turai ta EN 71-7 ta tanadi a sa masa abin ɗaci, a kuma hana shi zaƙi da ƙamshi, don kada yaro ya ɗauke shi abinci. Na gida ba shi da wannan kariya, shi ya sa nake ganin kuskure ne a zuba masa sukari kamar yadda wasu ke yi. A zafi irin namu kuma yakan yi tsami cikin kwana ɗaya ko biyu idan babu firiji mai wuta, saboda haka gara a dama daidai na yini.

Ruwan zoɓo yana ba da ja, kurkum yana ba da rawaya, amma zoɓo yakan koma toka-toka idan ya bushe, kurkum kuma tabonsa a tufafi ya fi na kowace kwalba wuyar fita. Ga mai sayen farko, ja da rawaya da shuɗi sun wadatar, kuma saiti ɗaya zai kai watanni.