LOLCODE da tafintansa lci: barkwancin kyanwa da ya zama yaren kwamfuta

Ga wanda ya riga ya iya ɗan Python ko JavaScript kuma yana son ya fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashin rubutunsa, LOLCODE ya cancanci ya ba shi lokaci. Ga wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba kuwa, ba nan zan aika shi ba. Ni malami ne a wata cibiyar koyar da kwamfuta a Zariya, kuma na yi amfani da yaren a darasin Asabar na ɗaliban da suka ɗan yi nisa.

Asalinsa daga hotunan kyanwoyi ne. A shekarar 2007 intanet ta cika da hotunan kuliyoyi ɗauke da rubutu cikin gurɓataccen Turanci da gangan, kamar kyanwar ce ke magana, kuma shafin I Can Has Cheezburger ne ya fi yaɗa su. A shekarar ce Adam Lindsay, wani mai bincike a sashen kwamfuta na Jami'ar Lancaster da ke Ingila, ya ɗauki wannan salon magana ya gina yaren kwamfuta da shi. Mutane suka yi ca a kai, suka yi ta muhawara kan yadda kowane umarni zai kasance, har aka fitar da ƙa'idar da ake kira 1.2, wadda har yau ita ce mafi yawan mutane ke bi. Tafintan da na yi amfani da shi, wato manhajar da ke karanta rubutun ta aiwatar, shi ne lci na Justin Meza. Da yaren C aka rubuta shi, kyauta ne, yana GitHub. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya gwada yaren ta burauzar wayarsa a shafin Try It Online, kuma ta nan yawancin ɗalibaina suka bi.

Ga shirin farko da na ba su, mai tara lambobi daga 1 zuwa 10:

HAI 1.2
I HAS A jimla ITZ 0
IM IN YR zagaye UPPIN YR n TIL BOTH SAEM n AN 11
jimla R SUM OF jimla AN n
IM OUTTA YR zagaye
VISIBLE jimla
KTHXBYE

Amsa 55. Kowane shiri da HAI yake buɗewa, da KTHXBYE yake rufewa, VISIBLE kuma shi ke fito da abu a fuskar na'ura. Ɗalibai sun yi dariya da farko, amma layi na huɗu ya sa su nutsuwa, kuma a nan ne nake ganin darajar yaren. Babu alamar tarawa a tsakiyar lambobi biyu. Sai ka fara ambaton aikin, SUM OF, sannan ka kawo abubuwan da za a tara. In lissafin ya yi tsawo, ka ce za ka ninka jimlar 2 da 3 sau 4, dole ka rubuta PRODUKT OF SUM OF 2 AN 3 AN 4. Ba baka ko ɗaya, amma ba ruɗani, domin kowane aiki ya san adadin abin da yake jira. Wata ɗaliba ta zana wannan a allo kamar reshen bishiya, ninkawa a sama, tarawa a ƙarƙashinta, ba tare da na ce ta yi ba. Wannan zanen shi ne ainihin abin da tafintan Python ke ginawa a ɓoye duk lokacin da ka rubuta lissafi, kuma na daɗe ina neman hanyar da zan nuna musu shi a fili.

Haka batun kwatanta lambobi. Yaren ba shi da alamar "ya fi girma". Abin da ke akwai shi ne BOTH SAEM (daidai suke) da DIFFRINT (sun bambanta), sai BIGGR OF (wanda ya fi girma) da SMALLR OF (wanda ya fi ƙanƙanta). In kana son sanin ko makin ɗalibi ya kai 40, sai ka tambaya ko makin daidai yake da wanda ya fi girma tsakaninsa da 40. Yana da wahalar rubutu, ba ko shakka, amma yana tilasta wa mutum ya yi tunani a kan abin da ya saba dannawa ba tare da lura ba. Rabawa ma ta koya musu darasi: QUOSHUNT OF 7 AN 2 yana ba da 3, sai ka rubuta 7.0 kafin ka ga 3.50, domin yaren ya raba cikakkiyar lamba, NUMBR, da mai ɗigo, NUMBAR.

Wani abu da ya faranta mini rai: a cikin rubutun da ake fitarwa, alamar ɗigo biyu ce ke buɗe haruffa na musamman, kuma tana karɓar lambar Unicode, wato lambar da aka ware wa kowane harafi a kwamfuta. Lambar ƙ ita ce 199, ta ɗ 257, ta ɓ 253, don haka haruffanmu masu lanƙwasa suna fitowa ko da allon rubutun wayar ba shi da su.

Shi kansa lci tsaf yake. An raba aikinsa fayil-fayil: wanda ke yanka rubutu kalma-kalma, wanda ke gane kalmomin, wanda ke gina bishiyar, da wanda ke aiwatarwa. Ɗalibin da ya san C zai iya bin sawunsa daga farko zuwa ƙarshe, abin da zai yi masa wuya ƙwarai a tafintan manyan yaruka.

Inda ya gaza kuwa a bayyane yake. Ƙa'idar 1.2 ba ta da jerin ajiya. An tanadi sunan BUKKIT domin wannan aiki amma sai a daftarin 1.3 aka fayyace shi, don haka duk shirin da ke buƙatar sunayen aji guda yana zama aiki ja. Akwai ma'ajin ɓoye mai suna IT da ke riƙe amsar ƙarshe, kuma umarnin sharaɗi, O RLY?, da shi yake yanke hukunci, abin da ke rikita sabon shiga. Babbar matsalar a wurinmu ita ce barkwancin ya dogara ne kan mutum ya san Turanci daidai kafin ya gane an karya shi. Yaron da har yanzu yake fama da rubutun Turanci a makaranta, in ka sa masa DIFFRINT da PRODUKT a gaba, ba dariya zai yi ba, haddacewa zai yi. Shi ya sa ban ba 'yan ajin farko ba. Akwai kuma wasu kalmomi biyu ko uku na yaren da gajarce zagi ne a Turanci. Na tsallake su a aji, kuma malami ya kamata ya san da su tun kafin ya fara.

Masu sha'awar irin waɗannan yaruka ba su tsaya a kyanwa ba. Dogescript ya fito a 2013 daga hoton karen nan Doge, ana juya shi zuwa JavaScript. A 2018 Dylan Beattie ya fitar da Rockstar, inda shiri ke kama da baitukan waƙa, har ana ƙirga haruffan kowace kalma a samu lamba. Kundin Esolang da ke intanet yana tattara irinsu birjik, kuma masu gasar rubuta shiri mafi gajarta suna warware matsaloli da su. Na gwada Dogescript da Rockstar, amma a aji LOLCODE na zaɓa, saboda ƙa'idarsa gajera ce, ɗalibi zai karance ta a zama guda, kuma tafintansa a buɗe yake ga mai son leƙawa. Zangon gaba aikin da zan ba manyan ɗalibai shi ne su rubuta nasu ƙaramin tafintan da Python, wanda zai gane VISIBLE da SUM OF da ma'aji kawai.