Manhajar Mainin da Walat Ɗinta: Sharhin Mai Shagon Caji Daga Ƙasar Gumel

Ina da shagon cajin waya da POS a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, kuma da wuya a samu wayar da ake mainin, wato haƙar kuɗin intanet na kirifto, da ita a garinmu wadda ba ta taɓa kwana a kan teburina ba. Shi ya sa nake ganin ina da bakin magana a kan wannan manhaja da muka daɗe muna dannawa, tun daga rajista har ranar da aka raba kwayin, wato kuɗin intanet ɗin da ta yi mana alƙawari. Ba zan kira sunanta ba. Tana cikin ƙananan da suka biyo guguwar Notcoin, wadda ta fashe, wato aka fara cinikin kwayinta a kasuwa, a watan Mayun 2024 har wasu suka ga kuɗi na gaske, sai Hamster Kombat a Satumbar shekarar, sannan Pi da aka fara tun 2019 ta buɗe kasuwarta ranar 20 ga Fabrairun 2025. A wannan tsakanin ne kusan kowane saurayi a nan ya zama ɗan baiwa, kamar yadda ake kiran masu mainin.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Ba ta da nauyi, tana hawa ƙaramar waya mai araha, ba ta cin data sosai, kuma ba ta taɓa neman ko kwabo a matsayin kuɗin rajista ba. A nan sabis ɗinmu ba shi da ƙarfi, wani lokacin ma idan ka matsa wajen iyaka wayar sai ta kama na Nijar, amma duk da haka tana buɗewa ka danna ka rufe. A wannan ɓangaren ban ga aibinta ba.

Sai dai akwai abin da ni mai caji na lura da shi tun da wuri: wayar ba ta zafi, batirin ba ya gudu. Haƙa ta gaskiya ba haka take ba. Bitcoin, wanda aka fara a 2009, injina na musamman ake jerawa a manyan ɗakuna suna shan wutar lantarki dare da rana, suna gasar warware lissafi, kusan duk minti 10 wani ya ci. Tun Afrilun 2024 ladan da ake ba wanda ya ci ya koma Bitcoin 3.125, kuma gaba ɗayansa ba zai wuce miliyan 21 ba. Wayar da ke aljihunka ba ta yin ko ɗaya daga cikin wannan. Lambar da kake gani tana hawa, lissafi ne kawai a kwamfutar kamfanin, alƙawari ne cewa wata rana za a ba ka. Kafin ranar ta zo su suna karɓar kuɗin tallan da kake kallo. Ban ce wannan zamba ce ba, amma ya kamata a faɗa wa mutane tun farko, domin na ga magidanta da suka yi imani cewa wayarsu ce ke ƙera kuɗi suna barci.

Tantancewa ta wahalar da mu. Ana son katin NIN da hoton fuska, kuma a ƙauye mutum nawa ne sunansa na kati ya yi daidai da wanda ya rubuta a manhaja? Wani Muhammadu ne a kati, Mamman a waya. Wani hoton katinsa ya dushe. Sai a bar ka a rataye wata da watanni, ka aika koke, na'ura ta amsa maka da Turanci, amsa ɗaya ga kowa.

Ranar rabo kuwa, abin da mutane suka gani bai kai rabin abin da suka tara ba. Ladan gayyata ya zube idan waɗanda ka gayyato ba su tsallake tantancewa ba, wani kaso an kulle shi sai bayan lokaci, kuma da yake kowa ya rugo ya sayar a rana ɗaya, farashin ya faɗi kafin la'asar. Masu dubban mabiya a Facebook da TikTok su suka kwashi kaso mai tsoka. Ni abin da ya zo hannuna ya ɗan haura kuɗin datar da na ƙona, amma bai kai na buhun taki ba. Wannan bai ba ni haushi ba sosai, don ban zuba jari ba. Wanda ya sayar da akuya ya sayi waya saboda mainin shi ne abin tausayi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne walat ɗin, wato asusun da ake riƙe kwayin da shi.

Idan ka buɗe walat, manhajar tana nuna maka kalmomin Turanci 24, da gargaɗi a ƙasa, shi ma da Turanci, cewa ka adana su. Shi ke nan. A yawancin walat irin waɗannan kalmomi 12 ne ko 24, ana zaɓo su daga jerin kalmomi 2048, kuma daga cikinsu ake fitar da makullin sirrin da ke sa hannu a kan duk kuɗin da zai fita. Kwayin ɗin ba a cikin wayarka yake ba. Duk wanda ya riƙe kalmomin nan a jerensu, ko yana Legas ko yana ƙasar Sin, zai buɗe walat ɗinka a tasa wayar ba tare da ya taɓa taka ba. Idan katin ATM ɗinka ya ɓace, za ka hau mota zuwa Gumel, ka ba da BVN, a toshe shi a ba ka sabo. A nan babu manaja, babu reshe, idan kalmomin suka ɓace kamfanin ma da kansa ba zai iya dawo maka da su ba. Ta fuskar fasaha wannan tsari ne mai kyau, kuma walat ɗin ya yi abin da ya ce zai yi: ban taɓa ganin an fasa shi ta wata hanya ba. Amma wanda ya tsara shi ya ɗauka kowa yana karanta Turanci kuma kowa shi yake sarrafa wayarsa.

A garinmu ba haka ba ne. Mutum ɗaya mai boko shi yake buɗe wa mutum ashirin. Dattijo zai miƙo waya ya ce, "Yaro, yi mini abin nan," ya tafi masallaci. Yaron ya rubuta kalmomin a littafinsa, shafi bayan shafi, da sunan kowa a sama, littafin kuma yana ajiye a shago inda kowa ke shiga. Mafi yawan yaran nan amintattu ne, na san su na san iyayensu. Amma wannan daidai yake da a ce makullan rumbunan gari duka suna rataye a ƙusa ɗaya a bakin kasuwa. Wasu kuma hoton kalmomin suke ɗauka su bari a cikin wayar. Wani yaro aka zare masa waya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, hoton yana ciki, ba shi da shi a ko'ina. Ya sayi sabuwar waya, ya dawo da layinsa, ya shiga manhajar ya ga sunansa, amma walat ya ƙi buɗuwa, kuma ba zai buɗu ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai kawuna ne. Ya zo shago da sassafe ya ce, "Ɗana, duba mini, sun ce idan ban sabunta ba za a rufe." Wani linki aka turo a zaurensu na WhatsApp, da tambarin manhajar da launinta, komai iri ɗaya. Na ce, "Kawu, ka sa kalmomin a ciki?" Ya ce tun daren jiya ƙaramin ɗansa ya sa masa. Muka buɗe walat, babu komai. Abin takaicin shi ne kana iya ganin adireshin da kuɗin ya tafi da lokacin da ya fita, komai a fili, amma abin da ya fita ba ya dawowa. Bayan nan sai ga wasu a Telegram suna cewa su ƙwararru ne, a biya su za su ƙwato. Su ma ɓarayi ne. Na riƙe hannun Kawu na roƙe shi kada ya tura musu.

Laifin ɓarawo ne, amma ina ganin masu manhajar da nasu kason. Sun san inda jama'arsu suke, sun ga yawan 'yan Arewa a rajistarsu. Me zai hana a sa gargaɗin da Hausa, har da murya, a ce babu wani ma'aikacinmu da zai taɓa tambayarka kalmomin nan? Me zai hana a ƙi barin mutum ya wuce sai ya tabbatar ya rubuta su a takarda?

Cire kuɗi ma yana da tarkonsa. Sai kana da ɗan kwayin na kuɗin gas, wato cajin turawa, kafin ka motsa komai. Idan za ka tura zuwa kasuwar canji, dole hanyar da ka zaɓa ta zama ita ce ta mai karɓa, wasu kasuwannin kuma suna son ƙarin lamba da ake sawa a gefe, idan ka manta ta kuɗin ya maƙale. In ka zo mayarwa naira ta P2P, wato ka sayar wa wani mutum kai tsaye ya tura maka kuɗi a banki, kada ka saki kwayin don ka ga saƙon alat. Shiga asusun bankinka ka ga kuɗin da idonka. Mu masu POS mun san alat na bogi. Ta fuskar doka abin ya sassauta: Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya janye a Disambar 2023, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital a ƙarƙashin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari. Amma babu dokar da za ta dawo da abin da ya fita da kalmominka.

Yanzu a shagona ba na kallon kalmomin kowa. Idan an zo wurin, sai in juya wa mai ita wayar, in ba shi biro da takarda ya kwafa harafi bayan harafi, in bai iya ba ya kira ɗan cikinsa. Wani malami ya ce zai rubuta da ajami, na roƙe shi ya bari, domin rubutun Turanci ba ya bin lafazi, harafi ɗaya ya canza walat na iya ƙin buɗuwa. Kwafi biyu nake cewa a yi, a sa a leda saboda damina da gara, a ajiye a wurare daban.

Sannan ina tuna musu maganar gado. Malamai sun saɓa a kan hukuncin kirifto, wannan nasu ne, amma idan abu yana da daraja kuma mai shi ya rasu, akwai haƙƙin magada a kai. A makwabtanmu wani matashi ya rasu, Allah ya jiƙansa, kowa ya san yana da kwayin a walat, wayarsa tana hannun mahaifiyarsa, amma babu wanda ya san inda ya rubuta kalmomin. An duba littattafansa da akwatinsa ba a gani ba.

Wanda yake da waya da data a hannu, ya iya karatu, kuma bai sa rai da yawa ba, zai iya gwada manhajar. Wanda sai an buɗe masa an riƙe masa kalmomi, ina ba shi shawara ya haƙura har sai ya samu na jikinsa da zai zauna da shi su yi tare. Kason nawa da aka kulle yana nan, idan ya buɗe zan sayar, kuma ba na karɓar aikin buɗe wa kowa sabon walat sai mai shi yana zaune a gabana.