Bita: Taskar Intanet ta Takardun Majalisar Dokokin Sukotland

Duk mai son sanin yadda aka tafiyar da mulkin Sukotland kafin ta haɗe da Ingila a shekarar 1707, yana da kyau ya fara da taskar intanet mai suna Records of the Parliaments of Scotland to 1707, wadda masana tarihi na Jami'ar St Andrews suka tattara. Taskar ta ƙunshi abin da ya tsira daga takardun majalisar tun daga 1235 har zuwa zamanta na ƙarshe, kuma ana shiga kyauta, ba a biyan ko sisi.

Babban abin yabo shi ne fassara. Asalin takardun an rubuta su ne da Latin da tsohon harshen Sukot, wasu kuma da Faransanci, kuma kafin wannan aiki sai mutum ya nemi manyan kundayen da aka buga tsakanin 1814 da 1875, waɗanda ba kowane ɗakin karatu ke da su ba. A nan an ajiye asalin rubutun tare da fassararsa zuwa Turancin zamani, ta yadda mai karatu zai iya gwada su da kansa idan ya yi shakkar wata jimla. A ciki ake samun dokar 1560 da ta soke ikon Fafaroma a ƙasar, da dokar 1563 da ta yanke hukuncin kisa a kan maita, da dokar 1695 da ta kafa kamfanin ciniki da Afirka da yankunan da Turawa ke kira Indies, wanda daga baya ya salwantar da dukiyar jama'a masu yawa a yunƙurin kafa mazauni a Darien da ke Panama.

Sai dai akwai inda ya kamata a yi hattara. Kafin 1600, sabuwar shekara a Sukotland tana kamawa ne ranar 25 ga Maris, don haka shahararriyar dokar nan da ta hana ƙwallon ƙafa da golf saboda suna shagaltar da maza daga koyon harbin baka, wadda aka saba cewa ta 1457 ce, a ƙarƙashin Maris 1458 take a taskar, domin an yi ta ne kafin 25 ga watan, ranar da a lissafin yau ta faɗa cikin 1458. Haka kuma magatakardan wancan zamani ba su da tsayayyar ƙa'idar rubutu, suna iya rubuta sunan mutum ɗaya ta hanyoyi daban-daban, saboda haka ya fi sauƙi a fara bincike a ɓangaren fassara.

Abin da ya fi rage mini armashi ba laifin masu aikin ba ne. Yawancin takardun suna bayyana abin da aka zartar ne kawai, ba kasafai suke kawo muhawarar da aka tafka kafin a zartar ba. Wanda ke neman jin hujjojin masu adawa da haɗewar 1707, dole ya haɗa da wasiƙu da rubuce-rubucen mutanen lokacin.