Jirgin koyon tuƙi da ke zuwa fagen daga: wanne za a saya?

Ƙasar da aljihunta bai kai na manyan jiragen yaƙi ba takan nemi jirgin sama ɗaya mai aiki biyu: da safe ɗalibi ya hau ya koyi tuƙi, da yamma a rataya masa bama-bamai ya nufi daji. Najeriya ta daɗe a kan wannan hanya. Alpha Jet da ta saya a farkon shekarun 1980 ya yi yaƙin Laberiya, ya dawo ya yi na Boko Haram, yanzu tsufa ya kama shi. L-39 ɗin da ake horar da matuƙa da shi a Kano ma ya kwana biyu.

A kasuwa yau, cikin masu sauƙin kuɗi akwai L-39NG na ƙasar Cek. Injinsa ɗaya, ba ya shan mai sosai, amma kayan da yake ɗauka kaɗan ne. FA-50 na Koriya ta Kudu ya fi kowa gudu, har ya wuce saurin sauti. Filifin ta yi amfani da shi a yaƙin birninta na Marawi a 2017, Poland kuma ta yi odar 48 a 2022. Sai dai wanda ke farautar mahara a kan babura me zai yi da irin wannan gudun? Kuɗin mai da na gyara kawai zai ƙaru.

A ganina, tsakanin Yak-130 na Rasha da M-346 na kamfanin Leonardo a Italiya zaɓin yake. 'Yan gida ɗaya ne, domin tare aka fara zana su kafin kamfanin Rasha da na Italiya su raba gari. Kowanne yana da inji biyu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matuƙin da tsuntsu ya faɗa wa inji ɗaya yana nesa da filin sauka. Aljeriya ta ɗauki Yak-130. Najeriya ta yi odar M-346FA guda 24, samfurin da aka sa wa radar Grifo.

Inda mai saye ke yawan tuntuɓe shi ne kayan gyara. Tun da Rasha ta mamaye Yukren a 2022, takunkumi ya sa biyan Rasha kuɗi da karɓo kaya ya zama aiki. M-346 kuwa, ko da yake na Italiya ne, injinsa na kamfanin Honeywell na Amurka ne, wato Amurka na da ta cewa. Haka FA-50, da injin General Electric. Mun ga yadda abin yake: a 2014 Amurka ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra, jiragen yaƙi samfurin Super Tucano 12 da Najeriya ta saya ta hannun Amurka ma sai 2021 suka iso bayan dogon jan ƙafa.

Don haka kafin a sa hannu, a tambayi mai sayarwa shekara nawa zai kawo kayan gyara, a ina za a buɗe injin idan ƙurar hunturu ta ci shi, kuma makaman wace ƙasa aka yarda a ɗaura wa jirgin.