Masu sauya rufin kwano a Garwa: kwanonsu ya yi, ɗaurin ne da sauran aiki

Daga watan Afrilu zuwa Mayu, lokacin da iskar farkon damina ke tasowa daga gabas, kafintocin rufi a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ba sa samun zama. Aiki iri biyu suke tallatawa: faci, ko a kware rufin gaba ɗaya a ɗora sabo. Mun duba aikin da suke yi a gidaje da shaguna, kuma hukuncinmu shi ne: wajen zaɓen kwano da jera shi sun ƙware, amma wajen ɗaure katako da bango da yawansu suna sakaci, alhali nan ne ran rufin yake.

Kwanon da suka fi kawowa na alminiyum ne, irin wanda ake yi a garin Edeya da ke kudancin ƙasar. Ba ya tsatsa, ba nauyi, kuma yana mayar da hasken rana, abin da ke da amfani a garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Maris. Sai dai kauri ya bambanta. Mai kaurin 35/100 na milimita siriri ne, yana lotsewa idan aka taka, kuma iska na yaga shi a bakin ƙusa. Mai 5/10, wato rabin milimita, shi ya cancanci kuɗinsa a gidan zama da shago. A duba kaurin a takardar sayayya kafin a sauke kaya daga mota.

Jerin kwano yawanci yana fita tsaf. Masu sanin aiki suna farawa daga gefen yamma su nufi gabas, don bakin haɗi ya ba iska baya. Suna haɗa gefe da tudu ɗaya da rabi, tsawo kuma santimita 15 zuwa 20. Saboda wannan haɗin, kwano mai faɗin santimita 90 wajen 80 kawai yake rufewa, to a yi lissafi da haka. Ƙusa a kan tudu ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma da robarta a ƙarƙashin hula. Inda muka ga yoyo a sabon rufi, galibi yaron aiki ne ya danne ƙusar har tudun ya lotsa ya zama ɗan gurbin ruwa, ko aka yi amfani da baƙar ƙusar ƙarfe, wadda ke cin alminiyum a hankali har ramin ya faɗaɗa. Akwai kuma motsin kwanon kansa: mai tsawon mita 6 yana miƙewa kusan milimita 5 tsakanin sanyin asuba da zafin azahar. Shi ya sa a dogon kwano sukurori masu roba sun fi ƙusa riƙo.

Yanzu ga inda aikin ke ba mu takaici. Iska ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, musamman a kusurwa da bakin rufi. Idan ka je gidan da iska ta kware, za ka tarar kwano da katako sun tashi tare, suna kwance a gidan maƙwabci, ƙusoshi na nan daram a jikinsu. Bango ne bai riƙe komai ba. Aikin ƙwarai shi ne a binne rodi mai milimita 6 cikin kankaren da ya zagaye saman bango, a lanƙwaso shi a kan kowane katakon da ke ɗauke da rufin, a danne da ƙusa. Da yawa waya kawai suke zarga wa bulon ƙarshe, ko su ɗora bulo a kan kwano su shafe da siminti. Ɗanyen siminti kuwa yana cin alminiyum, sai an shafa kwalta a wurin tukuna. Tsakanin katakan da ake buga kwano a kai kada ya wuce santimita 60 zuwa 80, kuma a layin bakin rufi a buga kowane tudu, ba a tsallake ɗaya ba.

Katako daga kudu yake zuwa. Farin nan mai araha, ayus, gara ba ta ɗaga masa ƙafa. A sa maganin gara a kowane gefe tun yana ƙasa, har da inda zarto ya yanka.

Faci yana da amfani idan katako lafiya lau ne kuma ramukan ƙusa ne ke yoyo. Amma kwalta da tsumma ba sa jure ranar bazara, tsagewa suke yi. Idan sukundireba ta shige katako da ɗan turi, kuɗin faci asara ne.

Masu shago da ke son rufin da ke ɓoye bayan katanga su kula da magudanar ciki. Ƙurar hunturu da ledoji na toshe ta, ruwa ya koma kan silin da kaya. A ba ta gangara, a sa indararo biyu, a share ta kafin ruwan farko. Kuɗin aiki kuma a riƙe kaso na ƙarshe, a hau sama a ga rodin da ido kafin a rufe silin.