Cold Spring Harbor ko Vienna BioCenter: amsa ga ɗalibar aji uku

Ƙanwata, kin ce kina aji uku a jami'a, a sashen nazarin halittu, kin ga tallar shirye-shiryen bincike guda biyu da ake yi a hutun tsakiyar shekara, na Cold Spring Harbor a Amurka da na Vienna BioCenter a Ostiriya, kina tambayar wanne za ki sa ƙarfinki a kai. Na ji daɗin tambayar, domin akasarin ɗalibanmu sai sun gama digiri suke jin labarin irin wannan dama, lokacin kuwa ta wuce su.

Kafin mu shiga, wani ya ba ki shawarar REU, wato shirin bincike na ɗaliban jami'a da ake yi a Amurka lokacin hutu. Ki bar shi. Shiri ne mai kyau, amma kuɗinsa na hukumar kimiyya ta gwamnatin Amurka ne, kuma sharaɗinsa sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin. Biyun da kika ambata su ne suke karɓar ɗalibai daga ƙasashen waje.

Cold Spring Harbor tsohuwar cibiya ce a bakin ruwa a Long Island, jihar New York, tun 1890 take. A nan Barbara McClintock ta yi shekaru tana duba ƙwayar masara ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar dalilin da ya sa wata ƙwayar take fitowa da ɗigo-ɗigon launi, har ta tabbatar cewa akwai sassan gado da ke tashi daga wani wuri su koma wani. Sai 1983 aka ba ta kyautar Nobel. Shirin ɗalibansu, wanda suke kira URP, ya fara a 1959, kuma David Baltimore, wanda ya samu Nobel a 1975, yana cikin rukunin farko. Ɗalibai wajen 20 suke ɗauka, daga Yuni zuwa Agusta, kimanin mako 10, su ba ki ɗaki da abinci da alawus. Ƙarfinsu yana wajen binciken cutar daji, ƙwaƙwalwa, tsirrai, da amfani da kwamfuta wajen nazarin DNA.

Vienna BioCenter kuwa ba cibiya ɗaya ba ce, harabar cibiyoyi ce a cikin birni: IMP, IMBA, Cibiyar Gregor Mendel mai nazarin tsirrai, da Max Perutz Labs. Yarinya ce idan aka gwada ta da waccan, amma aikinta ba na yara ba ne. A IMBA ne Madeline Lancaster da Jürgen Knoblich suka raini ɗan curin nama mai kama da ƙwaƙwalwar ɗan'adam a cikin kwanon gwaji, suka wallafa a 2013. Emmanuelle Charpentier ma ta yi aiki a harabar shekaru kafin ta samu Nobel a 2020 kan CRISPR, almakashin da ake yanka DNA da shi. Shirinsu mako 9 ne, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Agusta, ɗalibai wajen 30. Suna ba da masauki da alawus, kuma suna ɗaukar nauyin tafiya, wanda ga mai tasowa daga Kano ba ƙaramin abu ba ne. Kada Jamusanci ya tsorata ki, da Turanci ake aiki a ɗakunan binciken.

Duka biyun tsarin aikinsu kusan ɗaya ne. Za a sa ki a ɗakin bincike guda, a haɗa ki da mai digirin digirgir ko ɗalibin da ke yin sa, a ba ki ƙaramin aiki naki na kanki, a ƙarshe ki tsaya gaban jama'a ki yi bayanin abin da kika samu. Duka biyun suna rufe karɓar takardu a watan Janairu, wato aikin nema a Nuwamba da Disamba ake yin sa. Bambancin zama ne ya fi fitowa fili. A Cold Spring Harbor kina cikin haraba dare da rana, inda kike aiki nan kike ci nan kike kwana, kuma lokacin ne masana daga ko'ina suke zuwa taruka da kwasa-kwasai. A Vienna kina cikin babban birni, ki hau jirgin ƙasa ki je aiki ki dawo, kuma samun masallaci da naman halal ba wuya.

Inda na fi so ki tsaya ki yi tunani shi ne biza. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da shigar 'yan wasu ƙasashe, ciki har da Chadi da Sudan. A Disambar shekarar aka ƙara Nijar, aka kuma taƙaita wasu bizoji ga 'yan Najeriya, har da ta karatu da ta musayar ɗalibai, wadda ita ce irin wannan shiri yake bukata. Kina iya cin zaɓe a cikin ɗaruruwan masu nema, ki kasa tafiya. Na Vienna kuwa bai kai kwana 90 ba, kuma Ostiriya tana da ofishin jakadanci a Abuja. Saboda wannan, da kuma kuɗin jirgi, ni Vienna zan ce ki sa gaba. Idan kina da ƙarfin cike biyu, ki cike, amma ki fara duba matsayin dokar biza a ranar da za ki nema.

Sai dai Vienna tana da nata tarnaƙin, kuma shi ne ya fi damuna game da ɗalibanmu. Bayan shekara biyu na karatun jami'a da sakamako mai kyau, suna son shaidar cewa kin taɓa aikin bincike. Na san yadda darasin gwaji yake a yawancin ajujuwanmu: mutum ashirin a kan madubin ƙara girma guda, ɗaya ya leƙa, sauran su kwafi zanensa. Wannan ba zai shiga takarda a matsayin gogewa ba. Don haka tun yanzu ki je wajen malamin da kika san yana da aiki a hannu, ki ce masa, "Malam, ina so a ba ni dama in riƙa zuwa ina taimakawa." Ko wanke kwalabe aka fara ba ki, ki karɓa. Bayan wata uku kin iya haɗa abincin rainon bakteriya, kin iya riƙe fifet, ɗan bututun auna ruwa, hannunki bai rawa, kin san dalilin da gwaji yake lalacewa. Malamin nan shi ne zai rubuta miki wasiƙar shaida mai nama, ya ce ga abin da ta yi da hannunta, ba irin mai layi uku ta "ɗaliba ce mai ladabi da ƙwazo" ba. Masu tantancewa sun ga dubun irinta.

A takardar bayanin kanki ma kada ki tsaya yabon cibiyar. Ki zaɓi ɗakunan bincike biyu ko uku daga jerin da suke fitarwa, ki karanta aƙalla takarda ɗaya daga kowanne, ki faɗi tambayar da ta tsaya miki a rai.

Sannan lokacin da su suke hutu, mu damina ce, kuma sau da yawa zangon karatu yana tafiya. Ki sami shugaban sashenku tun kafin ki nema, ki tambaya ko za a lissafa miki makonnin a cikin SIWES ɗinki, wato horon sanin makamar aiki na wata shida. Idan ya amince, ki roƙi ya ba ki a rubuce.