Na kai dutsena wajen mai duba duwatsu a Kurmi

Jiya na shiga kasuwar Kurmi da wani koren dutse da kawuna ya bar min, shekara da shekaru yana cikin akwati, duk gida ana ce masa zumurrudu. Shagon ɗan ƙarami ne, sai ka yi tambaya kafin ka gane shi, kuma gaskiya na sha jira dan Alhajin ya tafi sallar la'asar.

Amma da ya dawo ya burge ni wallahi. Bai yi maganar kuɗi ba sai da ya ɗauko gilashin ƙara girma ya nuna min yadda dutsen ke tsagewa ta fuska biyu, kusurwa wajen digiri 56 da 124, ya ce wannan alamar wani dangin duwatsu ce da ake kira amfibol, ba zumurrudu ba. Ya goga masa wani dutse mai tauri da ake kira ƙwaz a gefe sai ga zane ya fito, dan a ma'aunin taurin duwatsu na amfibol 5 zuwa 6 ne, zumurrudu kuwa ya wuce 7. Jikina ya yi sanyi fa.

Na ce to nawa zai yi Alhaji? Ya ce ɗana, ido ba ya raba fargasayit da aktinolayit, wato wasu ire-iren amfibol guda biyu, sai an kai ɗakin gwaji an auna sinadaransa, kuma masu tara duwatsu suna biyan kuɗi ne in siffar ba ta gutsure ba kuma an san ramin da aka haƙo shi. Nawa ba takarda ko ɗaya.

Ya kuma hana ni gurza shi, wai wasu a danginsu masu zare-zare asbestos ne, ƙurarsu na lalata huhu. Kujera kam babu, a tsaye muka gama.